Dokar Hannun Hagu

Maigidana Malam Yusha'u da amininsa Dabo kafinta suna da wani wasa da ban taɓa ganin irinsa a gidan kowa ba a nan Tudun Wada. Tun Malam yana aikin gwamnati ya ga hoton wasan a wata tsohuwar mujalla, ya kai wa Dabo, shi kuwa ya zauna ya sassaƙa musu sojoji da guntayen katako, kowanne bai wuce babban yatsa ba. Akwai 'yan baka, akwai 'yan mashi. Na Malam shuɗaye, na Dabo jajaye. A kan tebur suke jera su su yi ta yaƙi. Ƙoƙo a kife shi ne tudu, kogi kuwa wani ɗankwalina ne da aka ara, har yau ba a maido ba.

Dokokin wasan su suka ƙirƙiro abinsu, kuma a ka suke riƙe da su. Malam ya hana a sa ɗan ludo a ciki, ya ce yana warin caca. Saboda haka komai da hannu ake aunawa. Soja yana tafiya taƙi ɗaya, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya in ka buɗe hannunka. In aka yi karo masu yawa ke ci, wanda ke kan tudu ana lissafa shi biyu. Sojan da ka ture da hannunka bisa kuskure ya mutu, babu roƙo. Duk kuma wanda ya kawo sabuwar doka, shi za ta fara hawa. Shekara da shekaru ina jin su daga zaure, Malam yana ƙorafin hannun Dabo kamar faranti yake, Dabo yana cewa ai ba shi ya halicci kansa ba.

Bara hawan jini ya kayar da Malam, ɓarinsa na dama ya shanye. Da muka dawo daga asibiti ƙafar ta soma dawowa kaɗan-kaɗan, amma hannun yana nan a dunƙule. Ku kuwa kun san mutumin da ya tashi a gidan malamai. Malam bai taɓa miƙa wa mutum hagu ba, bai taɓa karɓar abu da ita ba. Ko abinci sai in rufe ƙofa in ba shi a baki.

Dabo, da kyakkyawar niyyarsa, ya ɗauko teburin daga zaure ya kawo falo, inda muka sa wa Malam gado. A nan ya yi kuskure. Ya ce Malam ya riƙa faɗa, shi zai auna masa. To in zai auna wa shuɗaye sai ya baje hannu iya ƙarfinsa, in ya zo kan nasa sai ya tsuke. Ya kwashi 'yan mashinsa ya tura su cikin kogi kamar wanda bai taɓa wasan ba. Kafin shayi ya huce Malam ya ci wasan.

Malam ya daɗe yana kallonsa. Maganarsa a lokacin da nauyi take fita.

Ya ce, “Dabo, sadaka ka zo ba ni?”

Ya sa aka fitar da teburin. Daga ranar ya juya fuska bango. Motsa jikin da likita ya ce a riƙa yi masa ya ƙi, 'yar ƙwallon da yake matsawa ya ture ta ƙarƙashin gado. Masu dubiya su zo ya yi kamar barci yake. Likita kuwa ya riga ya gaya mini in ya daina motsawa, ƙafar da ta fara dawowa ma za ta koma. Abin da ya hana ni sakat ke nan.

Na aika aka kira mini Dabo, na tsaya a zaure na gaya masa gaskiya. Na ce mutumin nan ba ciwon ke cinsa ba, tausayin da muke masa ne, har da ni. Dabo ya sunkuyar da kai, ya ce ya ji, ya tafi.

Ranar wata Asabar da hantsi sai ga shi da sallama, ya rungumo teburin shi kaɗai yana nishi. Ya kife ƙoƙo, ya shimfiɗa ɗankwali, ya jera ja da shuɗi. Malam yana kwance, ya ce masa ba a wasa a gidan nan. Dabo ya ce shi ba wasa ya zo yi ba, doka ya kawo: daga yau kowa da hagu zai auna, dama kuwa aljihu za ta shiga. Tunda shi ya kawo, shi za ta fara hawa.

Ya cusa hannun dama cikin aljihun riga ya soma. Jama'a, mutumin da ke fere katako kamar tuwo, ashe hagunsa ba ta san komai ba. Yana buɗe yatsu ya ture 'yan bakansa da ke kan tudu, suka gangaro. Ya waiga, ya sa hannu a hankali zai tayar da su.

Daga kan gado aka ce, “Ajiye su. Sun mutu.”

Dabo ya ce haba Malam, doka sabuwa ce, a yi masa afuwa yau kaɗai.

“Kai ka kawo ta.”

Ko da gangan ya ture su, ko hannun ne ya ci amanarsa, ban sani ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Na dai ji Malam ya ce in tayar da shi zaune. Na sa masa matashi a baya, muka jawo teburin. Ya ɗaga hagunsa, ya tsaya, ya dube ni. Sai na juya na hau goge kofunan da ba su da datti. Da na waigo yatsunsa suna kan tebur a buɗe, yana matsar da 'yan mashi.

Dabo bai raga masa ba ko kaɗan. Da 'yan sojojin da suka rage masa ya zagaya ta bayan tudu, ya ritsa shuɗaye a bakin kogi ya gama da su. Malam ya fusata, ya ce an yi masa ha'inci wajen awo, yatsan Dabo ya zame. Dabo ya rantse bai zame ba. Rabona da jin muryar Malam da ƙarfi haka tun kafin ciwon. Ya ce gobe a dawo. Dabo ya ce yana da ƙofofin da zai kai Hanwa, Malam ya ce ƙofofi su jira.

Na raka Dabo zaure, na rasa ta inda zan fara. Na ce Allah ya saka masa da alheri, ya raya masa zuri'a, ya sa ya gama da duniya lafiya.

Ya ce, “Hajiya, godiyar me? Cinye shi na yi fa. Gobe ma in Allah ya kai mu cinye shi zan yi.”

Na ce Allah ya ba shi iko.

Ashe kunnen Malam yana wajenmu. Daga falo ya ɗaga murya ya ce, “Fatsuma, wai ke bayan wa kike?”