Bikin Uwar Odufuwa a Kurmin Oro

A ƙasar Ijebu ba a sanin darajar namiji sai ranar da ya yi wa mahaifiyarsa bikin binnewa na ƙarshe. Cif Odufuwa ya san haka, shi ya sa da tsohuwarsa ta cika ya rantse zai tara jama'ar da garin bai taɓa gani ba. Sai dai ƙofar gidansu ba ta ɗaukar ko rumfa uku.

Bayan gari akwai filin gadonsu, wata tsohuwar ganuwa ta zagaye shi kamar bakin ƙwarya. Sunan wurin Igbo Oro, wato kurmin Oro, dodon kakanni da mace ba ta gani ta kwana lafiya. Babu kurmi yanzu, babu dodo, ko kakan Odufuwa bai riski tsafin ba. Suna ne kawai ya rage, da tudun ƙasa.

Dattawa suka ce masa ba a banza magabata suka yi wa filin ganuwa ba, ya nemi wani wuri. Ya ce ganuwar ta tsare awaki ce. Matarsa Iya Tokunbo, shugabar mata a coci, ta fi shi zafi, ta ce duk mai tsoron tudun jar ƙasa imaninsa ne bai nuna ba. Matan masallaci ma suka ce haka, don kada a bar su a baya. Aka kawo katafila ta fasa ganuwar, aka kafa allo mai sabon suna, Filin Alheri.

Ran biki baƙin Legas suka yi ta yawo, don 'yan acaɓa ba su san wani Filin Alheri ba. Sai an ce Igbo Oro, su ce ai da ka faɗa tun farko. Odufuwa ya hakimce cikin babbar riga a tsakiyar rumfuna, makaɗa na wasa shi. Can sai ga mata cikin anko, da tukwanen amala da miyar agushi a ka, Iya Tokunbo ce kan gaba. Tana isa inda katafila ta fasa ta tsaya cak, ta sauke tukunya, wai takalminta ne ya tsinke. Abin mamaki, duk takalman matan garin suka tsinke a wurin.

Odufuwa ya taso yana huci.

"Iya Tokunbo, ina imanin naki?"

"Yana nan daram, Baba Tokunbo. Hayaƙi ne ba na so ya dame ka. Ka ci gaba, ai kai namiji ne."

Nan waje suka hura wuta. Maza kuwa, masu cewa ba sa tsoron komai, hancinsu suka bi. Makaɗa suka duba suka ga masu liƙi suna can ƙetare, suka saɓa kalangu suka bi su. Kafin la'asar babu kowa cikin rumfunan sai Odufuwa da hoton uwarsa a kan kujera, wadda ita ma da tana raye ba za ta taka wurin ba.

Ya daɗe yana kallon hoton. Daga baya ya rungume shi, ya haura ganuwar ya fita wajen mutane. A nan ya tarar an tumɓuke allon Filin Alheri ana yanka nama a kai.