Kunnen Kamfanin Bindiga

Lantana ta tura ɗan maɓallin gaba, ta riƙe numfashinta. A cikin abin sauraron da ke manne a kunnenta, matar kumanda, mai mulkin gari, tana gaya wa ƙanwarta da ke Doso abin da likita ya ce game da ƙurajen da suka fito wa mijinta a mazaunai.

Aikin Lantana ke nan a gidan wayar Dogon Dutsi, wato haɗa mutane, ba sauraronsu ba. Tana zama gaban wani babban allon katako mai ramuka da igiyoyi. In wani ya ɗaga talho, wato kan waya, ya ce a ba shi Doso ko Yamai, sai ta cusa igiya a rami, magana ta wuce. Shi kuwa maɓallin an yi shi ne don ta leƙa cikin layi ta tambaya, "Kun gama?" sannan ta zare igiyar. Haka aka koya mata. Sai dai tun watan farko ta gano cewa in ta tura maɓallin ba ta ce uffan ba, babu mai sanin tana nan. Ba da mugun nufi take yi ba, Allah ya sani. Yini ne yake da tsawo, kuma mutane in sun riƙe talho sai su manta da kunya.

Matar kumanda ba ta kai ga sunan maganin ba sai hayaniya ta taso daga wajen kasuwa. Lantana ta saki maɓallin, ta leƙa taga. Jama'a ce tafe. A gaba Sallau ne, tsohon soja, sanye da kwat ɗinsa ta kaki mai lambobi duk da zafin bazara, da gatari a kafaɗa. A gefensa wani dogon makiyayi yana tafe bai ɗaga kai ba. Tana ganinsa ta gane shi. Sambo ne.

Shekaranjiya Sambo ya shigo nan ya nemi a ba shi wansa a Doso. Da Fillanci ya yi magana, murya ƙasa ƙasa, ya ce jan bijiminsa, wanda har daga Kore Mairuwa ake kawo masa shanun barbara, ya daina hawa, kuma zai kai shi kasuwa ran Juma'a kafin wani ya gane. Babu wanda ya tuna, a garin nan, cewa kafin a sa Lantana lakwal, wato makarantar boko, ta yi ƙuruciyarta a wurin kakarta ta wajen uwa, a wata ruga kusa da Dogon Kiriya. Ta ji komai sarai. Da yamma kuma, kanta a cinyar Gwaggo Ajuma ana yi mata kitso, labarin ya kuɓuce mata. Gwaggo Ajuma ita ke yi wa rabin matan gari kitso.

Yau Juma'a. Lantana ba ta buƙaci a gaya mata yadda aka yi da bijimin a kara, kasuwar shanu, ba.

Mushe Illo (Mushe shi ne Malam a bakin 'yan Faransanci), shugaban gidan waya, ya fito daga biro, wato ofishinsa, yana gyara tabarau. Sallau bai jira sallama ta ƙare ba, ya kutsa ciki, jama'a suka cika ƙofa da taga.

"Lafiya, Baba Sallau?"

"Lafiyar ke nan ka gani. Mutum ya kai sansa kasuwa, tun bai ɗaure shi ba mahauta na tambaya tai ko a kawo wa san zane da ɗankwali." Wasu suka kece da dariya a waje, Sambo ya ƙara sunkuyar da kai. "Bai faɗa wa kowa ba sai wansa, kuma cikin wagga waya. Ka matsa in nuna ma."

Ya kama allon da hannu biyu ya ja shi daga jikin bango, igiyoyi suka yi ta lilo, ƙurar da ta daɗe a baya ta tashi. A gefen katakon akwai wani ɗan ƙarfe da aka buga da ƙusa, an zana walƙiya cikin zobe, da rubutun Faransanci. Sallau ya ɗora yatsa a kai.

"Wagga alama na goya ta a bayana a yaƙin Indoshin har kafaɗata ta yi kanta. Tana jikin akwatin wayar soje, tana jikin akwatin harsashi. Kamfani guda ne. Wanda ya ƙera bindiga shi ya ƙera wanga allo. Kun ce mun samu 'yanci, Nasara sun tafi? Ƙafarsu ta tafi. Kunnen ga shi nan sun bar mana, har muna biya mu yi masa magana."

"Baba Sallau," in ji Mushe Illo, "kamfanin nan har fitilar keke yana yi."

Sallau ya juya wajen jama'a. "Kun ji da bakinsa! Ashe har gani suna yi."

"To me kamfanin bindiga zai yi da bijimin Sambo?"

"Karatu ya yi maka yawa, Mushe. In sun san wane sa ke hawa, wane ya gaji, sun san maruƙan da za mu samu baɗi. In sun san maruƙa sun san naman da sojanmu zai ci. Sun san ƙarfinmu ke nan. Sai su haɗa mu faɗa da maƙwabta, su saida muna bindiga, su saida musu. Shi kuwa labarin san, su sunka sake shi cikin kasuwa don su gwada ko kunnen na aiki."

"Wallahi haka ne!" wata murya ta ɗaga daga taga, ta fi ta kowa ƙarfi. "Ni dama tun da anka kafa sandunan ga na ce ba alheri ba ne."

Gwaggo Ajuma ce. Ba ta yarda sun haɗa ido da Lantana ba.

Sallau ya ce shi dai ya zo ne ya sare sandar wayar da ke ƙofa, magana ta ƙare. Nan Lantana ta fara lissafi. In an sare waya babu allo, in babu allo babu kujerarta, kujerar da ta sa ake ce mata madamazal, kamar wata 'yar Nasara, har a wajen rijiya. Kuma 'yan sandan jandarma za su zo daga Doso su yi ta tambayoyi, su kuwa ba su tsayawa a fitilar keke.

Mushe Illo ya cire tabarau ya goge. Mutum ne mai son tsara magana ɗaya bayan ɗaya kamar yana aji.

"Ku saurara. Wayar nan a Doso ta tsaya, ba ta ƙetare teku ba. In Sambo ya yi magana, kunnuwa nawa ne a kan layi? Akwai nasa. Akwai na wansa. Sai kuma..."

Ya tsaya. A hankali kansa ya juyo wajen kujerar, kawunan jama'a suka bi shi. Lantana ta ɗora hannuwanta a cinya.

Sambo ne ya yi magana, karo na farko. "Da Fillanci na yi."

"Lantana, kina jin Fillanci?" in ji Mushe Illo.

"A'a, Mushe."

Ita kanta ta yi mamakin yadda muryar ta fito lafiya lau. Ta yi ɗan murmushi irin na wadda aka tambaya ko ta iya tuƙa jirgi. Daidai nan Sambo, wanda tun shigowarsa ƙasa yake kallo, ya zabura, magana ta fito masa da harshensu kafin ya yi tunani. Cewa ya yi, yarinya, ɗage ƙafarki, ga kunama.

Ta ji. Kowace kalma ta ji. Ta kuma ji wani abu yana taɓa gefen ƙafarta ta hagu, inda takalmin bai rufe ba, abin da ya fito daga bayan allon da aka ja. Duk jikinta ya ce ta yi tsalle. Amma idon Mushe Illo na kanta, na Sallau ma, da na duk wanda ya sami wurin leƙe. Ta ci gaba da kallon Sambo da murmushin nan, ta ɗan karkata kai.

"Me ya ce?" ta tambaya.

Kunamar ta amsa mata. Ihun da Lantana ta yi, an ce har masu sayar da albasa sun ji shi. Ta faɗo daga kujera riƙe da ƙafa, abin sauraron ya fizge daga kanta. Sambo ya murƙushe kunamar da gindin sandarsa, ya kwance igiyar hularsa ya ɗaure mata ƙafar a saman idon sawu, yana ta ba ta haƙuri da Hausa, wai harshensa ne ya riga shi. Gwaggo Ajuma ta ture mutane ta shigo tana salati, ta aika a kawo tafarnuwa da kananzir.

Sallau ya tsaya a kansu yana gyaɗa kai, fuskarsa cike da farin ciki.

"To, Mushe, ga shaidarka nan kwance. Akwai ɗan Adam da za a ce masa ga kunama, ya ji, ya tsaya yana murmushi? Ɗiyar ga ba ta ji ko kalma guda. Kai ma ba ka ji. To wa ya ji? Allon ga ya iya Fillanci. Na rantse ya iya Zabarmanci ma."

Mushe Illo ya dubi ƙafar da ta fara kumbura. Har ya ce, "Yi haƙuri, Lantana," sannan ya ɗan ja baya daga allon, ba da yawa ba, amma an gani.

Sallau ya ɗauki gatarinsa ya nufi ƙofa.

Zafin ya hau wa Lantana har cinya, idanunta sun cika da ruwa. Sai ta ga ashe harbin banza ta sha: an wanke ta, kuma duk da haka za a sare sandar. Ta cije leɓe ta kira shi.

"Baba Sallau. Don Allah in tambaye ka, ni ban san yaƙi ba. Can inda kunka je, in kun gano inda abokin gaba ya ɓoye kunnensa, sarewa kuke yi?"

Tsohon ya tsaya a bakin ƙofa. Shekaru ke nan babu wanda ya roƙe shi ya ba da labarin Indoshin; yawanci ma in ya fara mutane kan tuna da wani aiki. Ya sauke gatarin a hankali.

"Sarewa? Aikin sabon soja ke nan. In ka sare ya san ka sani, sai ya kafa wani inda ba ka gani. Barinsa ake yi, a yi ta ɗura masa ƙarya." Ya juya wajen jama'a kamar dama abin da ya zo faɗa ke nan. "Ba a taɓa sandar ga! Wanda ya taɓa ta da ni yake."

Nan take ya tsara yaƙin. Duk mai son magana zai ɗauki talho ya faɗi ƙarya da ƙarfi, don kamfani. Gaskiyar kuwa sai ya raɗa wa Lantana a kunne, ɗiyar gida wadda Allah da kansa ya wanke a gaban kowa, ita kuma ta san yadda za ta cusa saƙon cikin surutunsu na aiki da mai allon Doso, inda kamfani ba zai kula ba. Mushe Illo ya ce babu wannan a dokar aiki. Sallau ya tambaye shi wa ya rubuta dokar aikin, sai Mushe Illo ya koma biro.

Sambo aka fara da shi. Lantana ta koma kan kujera, ƙafar a kan akwati tana warin tafarnuwa, ta cusa igiyar Doso. Ya riƙe talho da hannu biyu ya yi ta kwarara wa wansa Hausa, cewa jan bijimi lafiyarsa ƙalau, jiya ma sai da aka ɗaure shi da igiya biyu don ya hana shanun mutane kiwo. Jama'a suka yi ta tafi a waje. Wan nasa, daga can, yana ta tambaya ko rana ce ta taɓa shi.

Da Sambo ya ajiye, ya sunkuyo daidai kunnen Lantana, yana jin nauyi, ya raɗa mata saƙon gaskiya da Hausa. Ba maganar bijimi ba ce. Magana ce a kan matarsa, da abin da ya sa ta koma gidansu tun kaka, abin da ko liman bai sani ba. Ya ce, "Amana ce, ƙanwata," ya fita. A bayansa layi ya riga ya kai gindin sandar waya: 'yan kasuwa, wani malamin lakwal, har da kukun kumanda, kowa yana gyara ƙaryarsa a baki, gaskiyarsa a ciki.

Gwaggo Ajuma ta durƙusa tana ƙara shafa mata kananzir a ƙafa. Ta matso da kai, ta rage murya.

"Ke, mi ya ce miki?"

Lantana ta dubi ƙafar, ta yi suntum, yatsun sun haɗe kamar ba nata ba. Labarin yana nan a kan harshenta, da ɗuminsa, kuma ya fi na bijimin daɗi nesa ba kusa ba.

"Fillanci ya yi, Gwaggo."

"To ai ke kina..."

"Ba ni ji," in ji Lantana. "Duk gari ya shaida."

Ta janye ƙafarta, ta mayar da abin sauraro a kunne, ta ce wa na gaba ya shigo.