Zangarniya Uku a Jikin Buhu

Duk abin da Gwaggo Bintu ta gani a inuwa, sai ta kai shi rana. Tabarma, barkono, har takalmin baƙo. A shekarar da gero ya ƙone a tsaye daga Tasawa har Mayahi, kowa na tsine wa rana, ita kuwa ba ta fasa shanya ba.

Ɗan ƙanenta Danda, wanda ta rena tun yana goye, buga tambari yake yi a jikin riga da buhu. Yana da wani katako da aka ɗaure wa yadi mai ƙananan ƙofofi kamar rariya. Yakan shafe yadin da magani mai danƙon ƙaro, ya bushe a duhu, sannan ya ɗora zane a kai ya fitar rana. Inda haske ya taɓa, sai maganin ya ƙulle ya yi tauri, ruwa ba ya cinsa. Inda zane ya yi inuwa, sai ya wanke, nan fenti zai bi. Daga Kano ake kawo maganin, ga shi sojoji sun rufe iyaka. Na ƙarshen ya kankaro daga gwangwani ya shafa, don ƙungiyar manoman Maijirgi ta ba shi aikin sa wa buhunan iri alama. In aikin ya ɓaci zai bi samari ci-rani, har ya ɗaure kayansa. Gwaggo kuwa ba ta da kowa sai shi.

Da hantsi ya tafi karɓo zanen. Gwaggo ta shiga ɗakinsa neman faifai, don ƙwari sun fara leƙa irin geron da ta ɓoye tun kafin fari. Sai ga katakon a ƙarƙashin gado. Sabuwar rariya a duhu, ta yi fumfuna? Ta fito da shi tsakar gida, ta jera zangarniya uku a kai.

Danda na shigowa, takardar zane ta suɓuce masa.

"Gwaggo! Mi na yi maki? Kin kashe ni!"

"Kai, tahi can. Rana ba ta taɓa ɓata mani kaya ba."

Ƙarfin hali kawai ta yi. Ya kwashe geron, ya kai katakon inuwa, ya kwara masa ruwa don ta ga ɓarnarta da idonta. Ko'ina ya ƙi motsi, sai wuri uku. Can maganin ya zube, ya bar zangarniya uku tsaye, dogaye, ta tsakiyar da ɗan lanƙwasa a kai.

Malam Salifu, shugaban ƙungiyar, ya zo da la'asar. Ya daɗe yana kallon buhun da Danda ya buga wa zangarniyar don gwaji.

"Wanga ba zanenmu ba ne. Wa ya zana?"

"Rana," in ji Danda, kansa a ƙasa.

"Gerona ne," in ji Gwaggo daga bakin ƙofa. "Rana aiki kawai na sa ta."

Dattijon ya shafa ta tsakiyar da yatsa. Rabonsa da ganin zangarniya cikakka tun damina biyu.

"Buga mana shi hakanan."

Ranar kasuwa amalanken jakuna suka wuce da buhunan ta ƙofar gida. Gwaggo ta tsaya riƙe da ƙugu, tana cika tana batsewa, duk wanda ya gaishe ta sai ta nuna masa da haɓa. Da na ƙarshe ya sha kwana, ta koma ciki, ta kwance ƙullin tafiyar Danda, ta shanya kayan a rana.