Kukan Tayar Baya

Daren jiya mafarki ya kai ni wani gari inda motoci ke tsaye cak, titi ne ke gudu a ƙarƙashinsu. Ina cikin motar maigidana, 'yata Walida na barci a kujerar baya, daidai kan tayar nan da ta daɗe tana gurnani. Na sha yi masa magana a farke, kullum sai ya ce iska ce. A mafarkin ba ya nan, hularsa ce ke tuƙi.

Sai ga mu a gareji. Bakaniken bunsuru ne, ya maƙale sifana a bayan kunne. Ya ɗaga motar da jak, Walida na ciki, ya hana ni ɗauko ta, wai a garin ba a sauke fasinja sai an iso. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ta yi ta motsi kamar haƙorin da zai fita. Na kai bayan hannuna cibiyar tayar, yadda nake taɓa goshin Walida. Zafi rau.

"Maman yarinya, boris, ƙarfen da tayar ke juyawa a kansa, ya bushe," in ji shi. "Yaushe rabonsa da giris?"

Na ce ban sani ba, ni dai kukansa nake ji. Ya ce da farko boris ƙishirwa yake yi, sai zazzaɓi, daga nan ya cinye kansa, taya kuma ta kama gabanta. Na roƙe shi don Allah ya canja. Ya ce sai mai mota ya yarda. Muka dubi hular. Hular ta ce iska ce.

Na ciro man kaɗanya daga jaka na shiga cusawa. Man ya narke, ya tashi sama ɗigo-ɗigo, ya bar ni da hannu a buɗe.

Sai ga mu kan titi kuma. Tayar ta zo gefen taga, ita kaɗai, ta yi mini sallama cikin ladabi, ta wuce. Motar ta fara karkata ta ɓangaren Walida. Ina miƙa hannu, kujerar baya na ƙara nisa.

Ƙarar ƙofar gida ce ta tashe ni. Gari ya waye. Shimfiɗar Walida babu kowa, takalmin makarantarta ma babu. A waje motar ta riga ta tashi. Ina tsaye ba mayafi, ina jin tayar bayan tana gurnani har suka sha kwana.