Layar da Firmina Ta Ɗinka

Firmina ta kifa gwangwanin a kan yashi, ƙwaruwar ta zille ta gefe ta bi ta tsakanin ƙafafun wata akuya. Ta bi ta da rarrafe, mace mai shekara sittin da takwas, tana zaginta ƙasa-ƙasa. Kwana huɗu ke nan tana zagaya bayan garke tana neman 'yar damisa, wannan ƙwaruwa mai kamar ƙatuwar tururuwa, baƙa, mai gashi kamar karammiski da ɗige-ɗige a baya. Yau kuma babu sauran lokaci, don haka da ta ga za ta shige rami sai ta sa hannu.

Harbin ya same ta a babban yatsa. Ta zauna daɓas a kan kashin awaki tana kiran Uwa Maryamu, hawaye na zuba ba tare da ta yi niyyar kuka ba, zafin yana hawa har kafaɗarta. Amma ba ta saki ba. Da ta jefa ta cikin gwangwanin, ƙwaruwar ta kama siririn kukan nan nata, cii-cii, daidai irin wanda ƙirjin mijinta Anacleto ya shekara uku yana yi.

Tsofaffin wannan ƙauye na karkarar jihar Bahia duk sun san yadda ake yi. A ɗinke ta da ranta cikin ƙyalle, a rataya wa mai fuka a wuya, ranar da kukanta ya ɗauke sai ta tafi da nasa. Sharaɗin ɗaya ne: kada mai ciwon ya san abin da ke ciki. In ya sani, an yi wahalar banza.

Ta ɗinka layar a bayan madafi, cikin gaggawa. Yatsan ya kumbura ya ƙi riƙe allura, sai ta ninka ƙyallen biyu maimakon huɗu.

'Yarsu Gildete ta zo daga babban birnin São Paulo tun ranar Lahadi, kuma ba gaisuwa ce ta kawo ta ba. An yi magana an gama: yau likita yake zuwa asibitin gari, in ya ce ƙirjin da sauƙi za su zauna, in ya ce babu, za a kulle gidan su bi ta. A hawa na tara na wani dogon bene take zaune. Firmina ta taɓa kwana goma a can, ta dawo ta ce ko kazarta ba za ta kai wurin ba.

Anacleto na shan kofi ta rataya masa zaren, ta tura layar cikin rigarsa.

"Mene ne kuma wannan, tsohuwa?"

"Addu'a ce. Kar ka buɗe."

"Inna, ke dai ba kya gajiya," in ji Gildete tana duba wayarta. "Bara ganye, bana laya. Me ya sami yatsanki?"

"Ƙaya."

"Ƙayar da ta mai da yatsa kamar rogo?"

"Ki sha kofinki, mota ba ta jiran 'yan birni."

Motar ƙarfe goma ta cika da masu kai awaki da garin rogo kasuwa. Hanyar kuwa ƙura ce zalla, kuma a kan wannan hanya Anacleto kan yi tari tun daga gada har gari. Yau bai yi ba. Ya zauna a miƙe, hularsa a gwiwa, bakinsa a rufe gam, idonsa a kan ƙeyar direba. Firmina na kallonsa ta wutsiyar ido, ranta ya yi fari tas. Abin ya fara aiki ke nan.

Sun sami mutum fiye da arba'in a layi. Rana ta yi tsaka kafin a kira su. Likitan matashi ne, ga alama ko abincin rana bai ci ba, bai ma ce a cire riga ba. Ya ɗora abin sauraren ƙirji a bayan Anacleto, ya ce ja numfashi, ya gyaɗa kai. Sannan ya zagayo gaba ya ɗora shi a kan rigar, ɗan ƙasa da maɓalli na biyu, ya danna.

Firmina ta ga fuskarsa ta canza. Ya ɗaga, ya sake dannawa a wurin, ya daɗe yana saurare.

"Baba Anacleto, a baya da sauƙi. Amma a nan gaba akwai wani ƙara da ban so ba. Ko ka riƙe numfashi ba ya tsayawa."

"Me ke nan, likita?" in ji Gildete.

"Ba zan iya cewa ba sai an yi hoto, mu kuwa ba mu da na'urar a nan. Kin ce a São Paulo kike? Da ni ne ke, ba zan bar shi ya ƙara wata guda a ƙauye ba."

Firmina ta san ƙaran. Da safen nan ta ji shi a cikin gwangwani. Magana uku kawai za ta yi likitan ya ciro layar, a yi dariya, Gildete ta yi faɗa, su koma gida da awakinsu. Amma Anacleto yana zaune a nan, kunnensa biyu. Ta dube shi, ta tuna tsawon hanyar nan da bai yi tari ko sau ɗaya ba, ta tuna yadda watan jiya ya durƙusa a bakin rijiya yana neman iska, leɓunansa sun yi baƙi. Gidan nan ita ta yaɓe bangonsa da hannunta, kuma tana sonsa fiye da yadda ya kamata a so gida.

"Mama Firmina, kina da tambaya?" in ji likitan, alƙalaminsa na kan takarda.

"Babu, ɗana."

Ya rubuta, ya buga hatimi, ya kira na gaba.

A tasha Gildete ta bar su a kan benci ta tafi yankar tikitin ranar Asabar, tana tafe tana waya da mijinta. Anacleto ya bi ta da kallo har ta shige ofis. Sannan ya ɓalle maɓalli biyu, ya ɗaga layar da ɗan yatsa a hankali, ya hura wa ƙirjinsa iska. Wuri uku ne suka tashi jawur, kowanne kamar an ɗora garwashi.

Firmina ta matso ta dubi wuraren.

"Tun yaushe?"

"Na farko a gada. Na biyu a layi. Na ukun, yaron likitan nan ne ya danne ta." Ya mayar da layar cikin riga, ya gyara mata zama a kan singileti. "In mun je gida ki ƙara mata ƙyalle, tsohuwa. Addu'ar taki akwai kaifi."

"Anacleto, ka san abin da..."

"Ban sani ba," ya ce. "Kar kuma ki gaya min."

Tarin da ya riƙe tun safe ya ƙwace masa, ya yi mai tsawo har mai sayar da lemo ya waiwayo. Gildete ta fito daga ofis tana ɗaga musu tikiti uku. Firmina ta sa yatsan da ya kumbura a baki, ta fara tunanin wanda za ta bar wa awakin.