Jan Biro a Takardar Batul

Duk faɗin unguwar Jekadafari ta Gombe, in ana neman mutumin da ya san komai alhali bai karanci komai ba, to a zo ƙofar gidan su Alhaji Shu'aibu bayan la'asar. Nan yake baje hajarsa a kan benci, ƙarƙashin dalbejiya, da kofin shayi a hannu. Bokitai da robobi yake sayarwa a babbar kasuwa, kuma tsakani da Allah, a harkar roba ba a ja da shi. Matsalar ita ce bai tsaya a robar ba. Ciwon ƙoda, hawan farashin dala, dalilin da ya sa jirgin sama ba ya faɗowa, duk yana da amsa, kuma amsar ba ta ɗaukar masa numfashi biyu.

Tagar Malama Lami, matar ƙanensa Ibrahim Khalil, daidai saitin bencin take. Shekara goma sha tara tana koyar da lissafi a sakandaren 'yan mata. Kullum in ta dawo ta ci abinci, sai ta jawo tulin littattafan ɗalibai da jan bironta ta zauna gindin tagar nan saboda haske. Da hasken da shirmen tare suke shigo mata.

"Ni fa ku gaya min," in ji Shu'aibu wata rana, "shekara talatin ina kasuwa, ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce a ba shi bokiti x ba. To wahalar da yaran nan da lissafi ake yi don me?"

Abatcha mai turare, mutumin Borno da rikici ya koro Gombe, ya gyara zama. "Alhaji, ni abin da ya ɗaure min kai, wai duniya juyawa take yi. To yaya ƙofar shagona kullum gabas take kallo?"

"Ka ji dai!" in ji Shu'aibu. "Ai 'yan boko sun ga ba mu da aikin yi ne."

"Shi kuma karatun kwamfuta," in ji Bamanga tela, "da gaske shekara huɗu ake yi a jami'a?"

"Zaman kashe wando ne kawai," in ji Shu'aibu. "Masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa, wata biyu suka koya. Danne-danne ne fa. Ita na'urar ita ke yin komai."

Lami ta ja tsaki a hankali, ta zabga wa wata ɗaliba sifiri da ƙarfin da ya huda takardar. Ta raina mutanen nan, raini mai tsanani. A ranta takan ce 'yar aji ɗaya da ta fi kowa daƙiƙanci a makarantarsu ta fi su hankali, don ita aƙalla in ba ta sani ba shiru take yi. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga labule ta ce uffan ba. Yayan miji uba ne. Ban da haka, akwai maganar Batul.

Batul ce 'yar Lami ta fari, kuma dangin nan Katsinawa ne na asali da suka riƙe kunyar ɗan fari kam. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yaba ta, ba ta tsoma baki a lamarinta a gaban mutane. Ana yaye Batul aka miƙa ta sashen Shu'aibu, cikin gida ɗaya dai, tsakar gida kawai ta raba. Shi ne mai kai ta makaranta, shi ne mai sa hannu a sakamakonta, kuma ba za a ɗauki alhakinsa ba, yana sonta kamar ransa. Shekara goma sha bakwai ke nan Lami ba ta furta sunan ba. "Ke" take cewa, ko "yarinyar nan". Ita kuma Batul "Malama" take kiranta kamar kowa. Da ta shiga makarantarsu ma, Lami har ofis ta je ta roƙi kar a haɗa ta da ajinta.

Sai dai yarinyar ta samo hanya. Tun tana aji biyu, wata rana Lami na cikin duba aikin ɗalibanta ta ci karo da littafin da ba na ajinta ba, babu suna a bango, amma ta san rubutun. Ta duba, ta ja layi a inda aka yi kuskure, ta rubuta hanya mafi sauƙi a gefe, ta ajiye a kan randa. Da safe babu shi. Bayan kwana biyu ya dawo cikin tulin. Shekara biyar suna haka, ba wadda ta taɓa ɗaga maganar. Da jan biron nan Lami ta koya wa 'yarta duk abin da ta sani, har ya kai yarinyar na kawo tambayar da sai ta kwana biyu tana juya ta.

Daga baya wasu abubuwa suka fara bayyana a bayan littafin, layi-layi da baka-baka, irin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta. Malam Nehemiah, malamin kwamfuta, ya tare Lami a ɗakin malamai ya ce, "Malama, kin san 'yarki ta rubuta manhajar da ta tsara mana jadawalin jarrabawa? Abin da muke sati muna faɗa a kai, ta gama shi kafin a tashi tara."

"Wace?" in ji Lami, ta ci gaba da jera takardu. Ranar har ta iso gida murmushi bai bar bakinta ba.

Da lokacin rajistar jarrabawar shiga jami'a ya yi, kowa ya san kwamfuta Batul ke so, Shu'aibu kuwa ya amince da gudu, don ya riga ya fara cika baki a majalisa cewa 'yarsa za ta zama injiniya. Shi ya karɓo fom ɗin da ake cikewa da hannu kafin a je cibiya a shigar, ya ce shi zai cike, shi zai kai ta ranar Alhamis bayan la'asar, don ya san mai wurin, ba sai sun bi layi ba. Juma'a ake rufewa.

Ranar Alhamis ɗin, bayan azahar, Lami ta jawo tulinta. Littafi na bakwai shi ne marar suna. Ta buɗe, babu lissafi ko ɗaya, sai fom a ninke a tsakiya.

Ta warware. Rubutun Shu'aibu ne, manya-manyan baƙaƙe irin na jikin kwali. Darussa huɗu ake zaɓa. Turanci, Fiziks, Kemistiri. A gurbi na huɗu an rubuta Lissafi da fensir, da ƙaramin rubutun da ta sani, an soke shi da biro, an rubuta Kwamfuta a sama.

Ta sake karantawa. Babu jami'ar da za ta ɗauki mutum karatun kwamfuta bai rubuta lissafi ba, ko da ya cinye makin duniya. Da zarar an dangwala yatsa an tura, gobe a rufe, shekara guda ta tafi a banza. Kuma ta san yadda aka yi kamar tana wurin. Ya ce mai son kwamfuta ai kwamfuta zai rubuta. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce to, Baffa. Me za ta ce? Shi ya rene ta.

Ta kira mijinta, yana Kano saro kaya.

"Ki yi haƙuri," in ji Ibrahim Khalil. "Yaya ya riga ya yanke. Ni da wane bakin zan yi magana a kan yarinyar nan? Kin san dai yadda abin yake."

"Shekara za ta rasa."

"Wataƙila ya yi tambaya, ai ba zai yi da ka ba."

"Wa zai tambaya? Bamanga?"

Sai ya ce layin ba kyau. Ta kashe wayar. Shi ma yau ta raina shi. Da ta ƙara zama kaɗan da fom ɗin a cinya, sai rainin ya juyo kanta. Ita ce fa mai digiri, ita ce mai tsaki a bayan labule. Wata nawa tana jin mutumin nan yana cewa na'ura ce ke yin komai, tana dariyarsa a ciki, bai taɓa zo mata a rai cewa da wannan kan zai cike takardar 'yarta ba?

Ta ɗauki jan biron za ta gyara a ɓoye ta mayar kan randa kamar kullum. Ta fasa. Shi ne zai tsaya a kan mai shigar da bayanan, zai gani, zai ce a mayar, kuma yarinyar ce za ta sha faɗa.

Aka yi la'asar. Ta ji an jawo benci, ta ji ƙarar cokali a kofi.

"Yau zan kai 'yar tawa," in ji Shu'aibu. "Bari in shanye wannan. Kun san har lissafi suka so ɗora mata? Na ce a'a. Kan mace da lissafi, sai ya ja mata maki ƙasa. In don ƙidaya ne, me aka yi kwamfutar dominsa?"

"Wallahi Alhaji ka yi dabara," in ji Bamanga.

Lami ta zura hijabi. Ta ɗauki fom ɗin ta fito. A soro ta iske Batul tsaye, ta shirya tsaf, idonta a ƙasa. Ta wuce ta.

Sallamarta ta katse hirar. Matan gidan ba sa tsayawa a majalisa, wucewa suke yi ta gefe. Ta durƙusa daga nesa kaɗan.

"Yaya, barka da yamma."

"Barka, Malama. Lafiya?"

"Takardar nan ce. Akwai gyara a ciki."

Ya kalli fom ɗin a hannunta, fuskarsa ta canja. "Wa ya ba ki? Ni na cike da hannuna."

"In ba ta rubuta lissafi ba, ba za su ɗauke ta ba, Yaya. Ƙa'ida ce. Kwamfutar da kake gani, da lissafi ake gina abin da ke cikinta. Ba ta san komai ba sai abin da mutum ya zauna ya tsara mata."

Shu'aibu ya yi dariya, ya dubi abokansa. "Kun ji 'yan boko. Kowa nasa yake yaba. Malama, koma ciki. Lamarin yarinyar nan ba naki ba ne, kin fi kowa sani."

Da ya tsaya a nan, wataƙila da ta lallaɓa. Sai ya ƙara da cewa, "Ke da ko ajinta ba ki taɓa shiga ba, ina kika san abin da kanta zai ɗauka?"

Lami ta miƙe tsaye.

"Na sani," ta ce. "Shekara biyar ina duba aikinta. Cikin ɗalibai sama da dubu da suka bi ta hannuna, ban ga uku kamarta ba. Batul ta fi ni lissafi, Yaya. Batul 'yata ce, kuma ba za ta zauna shekara a gida saboda hirar benci ba."

Abatcha ya ajiye kofinsa a hankali. Bamanga ya ce, "Subhanallahi," ya kau da kai kamar ya ga abin da bai kamata ba. Wata maƙwabciya da ke wucewa da tulu ta tsaya cak. Lami ta san kafin magariba labarin ya kai har unguwar Dawaki, cewa Malama ta yi rashin ta ido, ta kira sunan 'yar fari a titi, ta yabe ta a gaban maza.

Shu'aibu bai yi ihu ba, kuma wannan ya fi mata ciwo. Ya ciro makullin babur daga aljihu, ya dube shi, ya mayar.

"To," ya ce. "Tunda uwarta ta yi magana, ni na cire hannuna. Shekara goma sha biyar na riƙe. Ga ki ga ta."

Ya tashi ya bar shayin, ya nufi masallaci alhali ba lokacin salla ba ne.

Lami ta dafa fom ɗin a jikin bango, ta soke rubutunsa da jan biro, ta rubuta Lissafi. Ta leƙa soro, ta kamo wuyan hannun yarinyar, suka fita titi ta tsayar da napep. Yanzu sai bin layi, don ita ba ta san kowa a cibiyar ba.

Suka kama hanya. Batul na ta kallon jan rubutun, hawaye na ɗiga kusa da shi. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malama, ashe kin san sunana."

"Rufe min baki," in ji Lami. "Ɗaga takardar, za ki jiƙa ta."

Har suka sauka ba ta saki hannun ba.