Takalma Farare a Jana'izar Kawunsa

Ashe ranar da aurena da Ching-piao ya mutu, inshorar lafiyata ta bi shi, don tun ina amarya sunana a ƙarƙashin nasa yake a kamfaninsu. Ban sani ba sai da na je asibitin garin Chiayi a sa mini ranar cire yanar ido. Yarinyar da ke kan tebur ta ce in fara samun inda zan rataya sunana a inshora tukuna.

Ni kuwa a lokacin komai dariya yake ba ni. Ina tafe ina karo da babura a ajiye, ina ba su haƙuri.

Maƙwabciyata Yaya Chun-chih ce shugabar matan badujala masu rakiyar gawa, kuma ƙungiyar sana'arsu tana yi wa 'ya'yanta inshora. Ta ce ba ta sa sunan 'yan kallo. In na iya raka gawa ɗaya tun daga gida har maƙabarta, ta sa ni. Da na ce ban iya busa komai ba, sai ta miƙo mini faifan tagulla biyu.

"Kin iya jifan miji da murfin tukunya, ai kin iya wannan," in ji ta.

Aka sa mini ɗan siket ja, da hula mai gashin tsuntsu, da takalma farare har gwiwa, ni da na ba hamsin baya. Mamacin ya tsufa tukuf, saboda haka iyalinsa kiɗan murna suka ce a yi. Hotonsa na nan ƙato a bakin rumfa, amma ni hazo kawai nake gani. Na dage ina ta kwaɗa tagulla, daɗi kamar ya kashe ni.

Can sai dangin da suka makara suka shigo da rarrafe, kamar yadda aka saba. Wani mai sanƙo ya ratso ta gaban takalmana, ya yi gyaran murya. Ko a cikin barci na san wannan gyaran muryar, ta tsohon mijina ce. Ashe kawun Ching-piao muke rakawa. Da ina gidan, da yanzu ina bayansa ina goge ƙasa da gwiwa.

Ya ɗago kai ya ce ƙasa-ƙasa, "Pi-hsia, ba ki da kunya? Ajiye abin nan ki tafi gida."

Hannuna ya tsaya. Yaya Chun-chih ta waigo tana harara ta saman kakakinta. In na ajiye, ba inshora, ba ido.

Na ce, "Wane gidan?" Na haɗa faifan nan daidai kunnensa, ba ma a kan kiɗa ba.

Har maƙabarta na kai, ƙafafuna duk sun yi bororo, kuma a cikin motar dawowa Yaya ta ce na zama tasu.

Ranar da likita ya cire mini bandeji bayan aikin ido, ya tambaye ni me nake so in fara gani. Na ce a miƙo mini wayar Yaya, akwai bidiyon jana'izar nan.